Kwanar Gadar da Wendell Ya Bari

Wendell Halvorsen mutumin kirki ne, duk wanda ya ce ba haka ba bai zauna da shi ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rabon wasiƙu a kudancin birnin Minneapolis, har karnukan unguwa sun san takunsa. Aibinsa guda ne: ba ya iya jure jin ana yabon wani a kan abin da yake ganin nasa ne. Idan ka yabi gasasshen naman maƙwabcinsa a gabansa, sai ya gyara hula, can kuma ka ji ya ce gishiri ya ɗan yi yawa.

Shi ya kafa ƙungiyarmu ta masu hawan keke ranar Lahadi. Mu ba 'yan tsere ba ne, yawancinmu ma gwiwoyi sun fara ƙara. Mukan haɗu da ƙarfe tara na safe a gindin gadar Franklin, mu bi hanyar kekuna ta bakin kogin Misisipi a hankali ana hira, har lambun Minnehaha, inda ake shan kofi a ci kek kafin a juyo. Shekara goma sha ɗaya Wendell ne a gaba. Ni kuwa, Lorraine, ni ce a can ƙarshe, sanye da falmaran ruwan ɗorawa, aikina in tabbatar ba a bar kowa a baya ba. Girki na yi wa 'yan makaranta har na yi ritaya, don haka na saba da jiran masu nawa, na kuma saba da yi musu faɗa.

Muna da doka ɗaya, Wendell ne ya kawo ta. Duk inda za a sha kwana, jagora zai nuna wanda ke biye da shi da hannu. Wannan mutumin sai ya tsaya a kwanar yana nuna wa sauran hanya, kuma ba ya motsawa sai na iso na kaɗa masa ƙararrawa. In ka zo mararraba ba ka ga kowa tsaye ba, to miƙewa za ka yi. Duk sabon shiga sai Wendell ya sa shi ya maimaita wannan sau uku kamar ɗan aji ɗaya.

Saboda wannan dokar ne Marlene take barin mijinta Otis ya bi mu. Otis aminin Wendell ne tun suna samari, tare suka shiga aikin gidan waya. Shekara biyu ke nan ciwon mantuwa ya kama shi. An karɓe makullin motarsa, ba ya zuwa ko kantin unguwa shi kaɗai, wani lokaci ya kira Marlene da sunan yayarsa. Amma idan ya hau keke, ƙafafunsa ba su manta komai ba. Marlene ba ta hawa saboda ciwon ƙugu. Takan kawo shi da safe, ta ɗaure masa hular kwano da hannunta, sannan ta wuce lambu da mota ta jira mu da kofi.

A watan Afrilun bara aka yi wa Wendell aiki a gwiwa, likita ya ce sai ya yi wata uku ba keke. Aka rasa mai riƙe gaba, sai Pakou Thao ta ce za ta gwada. Direbar bas ce ta cikin gari, ba ta wuce talatin da biyar ba, ga ta 'yar mitsitsiya amma muryarta ana ji daga wancan ƙetaren kogi. Kowane babba a wurinta Kawu ne ko Gwaggo, ta ce haka aka tashe su a gida.

Gaskiya yarinyar ta iya. Idan ta hango mikiya a kan bishiya sai ta tsayar da mu a kalla. Ta san inda banɗaki yake a kowane lambu, abin da tsofaffi irinmu suka fi bukata. Ta rinƙa canja mana hanya, yau wannan gaɓar, wani makon waccan. Kafin Wendell ya warke, mun tashi daga mutum goma sha huɗu zuwa talatin.

Ranar da ya dawo aka yi masa tafi, aka rungume shi. Ana cikin shan kofi, sai Dolores, wata ƙawata da ba ta iya riƙe magana a ciki, ta ce, "Ni dai a bar mana Pakou a gaba. Wendell, ka huta mana, ka yi mai wuyar."

"Hutu? Wata uku ina kwance kamar buhun dankali, wane hutu kuma?" in ji shi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Aka ce a ɗaga hannu. Hannaye suka tashi wa Pakou kamar an haɗa baki. Otis ya ɗaga mata, aka zo kan Wendell ya sake ɗagawa, kowa ya fashe da dariya. Wendell bai yi ba. Pakou ta zo ta ce masa, "Kawu, ni fa aro na riƙe. In kana so mu rinƙa yin karɓa-karɓa."

"A'a, riƙe abinki," ya ce. "Jama'a sun zaɓa."

Da muka koma wajen kekuna ya matso kusa da ni ya ce, "Ki gaya mata ni ba kawunta ba ne."

"Ka gaya mata da kanka, bakinka ba a yi masa aiki ba," na ce.

Daga ranar kishi ya shiga Wendell, ya yi masa zaune. Kullum yana manne da tayar Pakou ta baya yana gyara mata. Gudu ya yi yawa. Gudu ya yi kaɗan. Nan ba wurin tsayawa ba ne. Idan wani ya ce hanyar yau ta yi daɗi, sai ya ce iska ce ta taimaka. Da wata jaridar unguwa ta buga hotonmu da Pakou a gaba, shi kuma rabin fuskarsa kawai ta fito a gefe, sai da ya yi mako biyu yana ba ni labarin yadda ya kafa ƙungiyar da mutum huɗu, kamar ba ni ce ta huɗun ba. Na ji tausayinsa da farko. Daga baya abin ya fara ba ni haushi, don mutum mai shekara sittin da shida ya wuce wannan.

A wata Lahadi cikin Satumba, Pakou ta ce ranar ba Minnehaha za mu ba. Za mu sha kwana a gadar titin Lake, mu ƙetara ɓangaren birnin Saint Paul, mu sauka wani lambu da ke can ƙasa a bakin ruwa. Ta riga ta gaya wa Marlene, har ta wuce can da kek ɗin tuffa.

"Me tsohuwar hanyar ta yi miki?" Wendell ya tambaya.

"Ba ta yi min komai ba, Kawu. Ganyen wancan ɓangaren ne ya fara ja, ina so ku gani."

"Ganye," ya ce. "To, Allah Ya kai mu ganye."

Muka tashi. Ba mu yi nisa ba sarƙar keken Dolores ta faɗi, na tsaya ina gyara mata ina yi mata faɗa a kan rashin sa mai. Muka ɓata kamar minti goma. Otis, wanda ya saba tafiya kusa da Dolores, ya ɗan jira mu, sai na ce masa, "Je ka, Otis, ga su can gaba, za ka ga mutum a kwana." Ni na ce masa haka da bakina, kuma har yau yana damuna.

Abin da ya faru a gada, Wendell ne ya faɗa min daga baya. Da suka iso kwanar, Pakou ta nuna shi, tunda shi ne a bayanta. Ya tsaya ya miƙa hannu. Mutane suka rinƙa wucewa suna ce masa sannu da aiki, wasu sabbi ma ba su san sunansa ba. Yana tsaye yana hango su a kan gada, sun kewaye Pakou suna dariya, tana nuna musu wani abu a ruwa. Ya duba baya bai hango falmaran ɗina ba, ya san akwai sauran mutane. Sai zuciya ta ce masa: in ka tafi, biyu ko uku za su miƙe zuwa Minnehaha, su tarar ba kowa, ba kofi, su dawo suna mita, kowa ya ga amfanin canje-canjen hanya. Ya ɗauka Otis ya riga ya wuce a cikin taro, bai tsaya ya tabbatar ba. Ya hau kekensa ya bi gada.

Da muka iso ni da Dolores ba kowa a kwanar. Ni na san hanyar ranar, don haka muka sha kwana, ina cewa a raina zan ci mutuncin duk wanda ya bar wurin. Ban kawo Otis a raina ba ko kaɗan.

A lambu Marlene ta jera kofuna a kan tebur tana yanka kek. Ta dube ni, ta duba bayana, ta ajiye wuƙar.

"Lorraine, ina Otis?"

"Ba ya nan? Ai ya riga mu."

Pakou ta ƙirga mu sau biyu. Ashirin da tara. Marlene ta fara kiran sunansa tana leƙa bayan bishiyoyi, alhali ta san ba ya nan. Otis ba ya ɗaukar waya, don ya jefar da uku. Kati ne kawai a aljihun rigarsa mai lambar Marlene.

"Wa aka bari a kwanar gada?" na tambaya.

"Kawu Wendell," in ji Pakou.

Kowa ya juya. Fuskar Wendell ta yi fari fat. Ya ce, "Na hango falmaran ruwan ɗorawa daga nesa, na ɗauka ke ce." Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma ya ga idanu a kansa, sai ya ƙara: "Shekara goma sha ɗaya ina gaba, wa ya taɓa ɓata? Wa ke ɗibar mutum talatin, da mara lafiya a ciki, ya bi da su hanyar da ba su sani ba, don a kalli ganye?"

Mutane a tsorace suke, suna neman wanda za su ɗora wa. Suka ɗora wa Pakou, ni ma a ciki. Na ce mata, "Wannan ba bas ba ce da za ki yi ta sauya layi. Mutane ne." Na san dokar ba ganin falmaran ba ce, jin ƙararrawa ce, kuma na san wanda ya kafa ta. Amma shekara ashirin na san Wendell, ita kuwa biyu, sai na bar abin ya wuce. Pakou ta raba mu biyu-biyu, ta kira 'yan sandan lambu, ta hau kekenta ta koma gada a guje.

Wajen sha biyu aka fara yayyafi, iska ta yi sanyi. Muka duba Minnehaha ba ya nan. Muka bi unguwannin da ya taɓa rabon wasiƙu, ba labari. Wendell ya yi ta hawa da sauka a bakin kogi yana kiran Otis har muryarsa ta dishe, gwiwar da aka yi wa aiki ta kumbura. Sai ƙarfe uku da rabi wayar Marlene ta yi ƙara. Wata mata mai yawo da kare ce ta tsince shi a can ƙasa cikin kurmi, kusa da inda Misisipi ya haɗu da wani kogi. Ya wuce Minnehaha bai tsaya ba tunda bai ga kowa ba, ya yi ta miƙewa har kwalta ta ƙare, ya faɗi a kan tsakuwa. Ya karye a wuyan hannu, ya jiƙe sharkaf, yana zaune a ƙasa yana rawar sanyi, bai iya faɗa mata sunansa ba.

Da yamma muka je asibiti ni da Wendell. Otis yana kwance an lulluɓe shi da barguna, Marlene na riƙe da hannunsa mai lafiya. Da ya ga Wendell sai fuskarsa ta saki.

"Kai, tsoho, ina kuka shiga?" ya ce. "Na yi daidai, ko? Ba kowa a kwana, a miƙe. Haka ka ce. Na yi ta dubawa, Wendell, kowace kwana ba kowa."

"Ka yi daidai, mutumina," in ji Wendell. Ya juya ya fita, na ji shi a baranda yana fyace hanci.

Washegari Pakou ta aiko wa kowa saƙo cewa ta sauka, laifinta ne, tana neman gafarar Gwaggo Marlene. Aka ce to Wendell ya karɓi abinsa. Marlene kuma ta yanke hukunci, likita ya goyi bayanta: Otis ya gama hawan keke. Ta ba wa ɗan ƙanwarta keken don kada ya rinƙa ganinsa a gareji.

Lahadi biyu bayan haka muka taru a gindin gadar Franklin. Wendell na gaba, inda ya yi wata biyu da rabi yana ƙishin tsayawa. Ya sa ƙafa a feda ke nan sai ga motar Marlene. Otis ya fito, hannu a ɗaure, hular kwano a kansa a karkace. Marlene ta ce tun asuba ya sa ta ya zauna a bakin ƙofa, wai yau Lahadi, ya ƙi karyawa, shi ya sa ta kawo shi ko ya gan mu hankalinsa ya kwanta.

Otis ya bi layin kekuna yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan Wendell ya ce, "Ina nawa? Kai ka ɓoye min, ko? Ba ka daina wannan wasan ba?"

Wendell ya sauke ƙafarsa. Sannan ya jingine keken da bishiya, ya cire hularsa, ya juyo ya fuskance mu.

"Ban ga wani falmaran ba," ya ce. "Ƙarya na yi. Na san Lorraine ba ta iso ba, na san akwai mutane a baya. Da gangan na bar kwanar, don a ɓata a ce Pakou ba ta iya ba. Kishinta nake ji. Shi ke nan, babu wani dalili."

Ni kuwa kunya ce ta fara rufe ni kafin fushi, don na tuna abin da na gaya wa yarinyar a gaban mutane.

Wendell ya matsa wajen Marlene. "Zan samo keke mai sirdi biyu," ya ce. "Ni a gaba, shi a baya. Ba zai taɓa ɓata ba, Marlene, na rantse miki."

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. "Awa biyar, Wendell. Kana kusa da ni ina kuka, ka bar ni ina zagin yarinyar mutane a raina. Kai ne babban abokin ango ranar aurenmu." Ta kama hannun mijinta. "Zo mu je gida, Otis. Yau ba a hawa."

"Ba a hawa?" in ji Otis. "To, sai wani makon, tsoho." Ya ɗaga wa Wendell hannu, ya bi ta.

Ranar ba mu je ko'ina ba, kowa ya juya kekensa ya yi gida. Ni na wuce gidan su Pakou, na same ta tana shanya, na ba ta haƙuri a tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Gwaggo, maganarki ta fi ta kowa yi min ciwo." Na ce na sani. Sai da muka yi ta bin ta kafin ta yarda ta dawo, ana saura mako biyu a ajiye kekuna saboda sanyi.

Cikin hunturun nan ciwon Otis ya yi gaba da sauri. Marlene ta ce tun da ya daina fita ya daina tambayar wace rana ce. Wendell ya je gidan sau uku, ba ta buɗe masa ba. A na huɗu ta bar shi ya shiga, Otis ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi ko mai gyaran famfo ne.

Da dusar ƙanƙara ta narke muka dawo bakin kogi, sai ga Wendell da kekensa, ya rame. Ya tambayi Pakou ko zai iya binmu. Ta ce, "Hanya ta kowa ce, Mista Halvorsen." Ya shiga layi, ba gyara, ba mita. A kwana ta biyu layi ya kawo shi bayanta. Ya rage gudu, ya shirya sauke ƙafa. Pakou ta waiwayo, ta gan shi, hannunta ya tsallake shi ya nuna wata mata da ta shigo ƙungiyar makon da ya wuce. Haka aka yi a kwana ta uku, da ta huɗu. Lahadi uku ya zo, a ta huɗu ba mu gan shi ba, kuma bai sake zuwa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mai kishi yakan ɗauka zai iya auna cutar da zai yi, ya zaɓi wanda za ta samu da iyakar inda za ta tsaya, alhali ba shi da wannan ikon. Wendell ya so ne kawai a ɗan ji haushin Pakou, sai abin ya faɗa kan amininsa, ya raba shi da abu ɗaya da ya rage masa na jin daɗi. Idan aka yabi wani a kan aikin da ka fara, ba a rage maka komai ba, ka taya shi, ka riƙe ɗan wurin da aka ba ka da gaskiya, domin akwai wanda ke tafe a baya ya dogara da tsayuwarka. Wanda ya ci amanar ƙaramin matsayi don kwaɗayin babba, ƙarshenta ko ƙaramin ba za a sake ba shi ba. Mu kuma masu kallo, kada tsoro ko daɗewar sabo ya sa mu ɗora laifi a kan wanda ya fi sauƙin ɗorawa, kamar yadda na yi.